Firizar da Sanyi Ya Yaba

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Sanyi. Ni tela ne, shi mai gyaran firij. Ban san wanda ya laƙaba masa wannan suna ba, amma ya zauna masa ta ko'ina. Sana'arsa sanyi, maganarsa sanyi, tafiyarsa ma kamar ba ya son ƙasa ta ji zafi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon wuta da yankan ƙarfe. Idan aka kawo masa firij ba ya fara kwance komai. Sai ya jona shi da wuta, ya ɗora bakin sukundireba a kan kwamfaresa, wato injin da ke sanyaya firijin, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido. A wannan lokacin ko keken ɗinki nake takawa sai ya ƙwanƙwasa bango in dakata. Minti ɗaya ya ishe shi ya faɗi inda ciwon yake.

Shagonsa bai fi nawa girma ba, amma da ƙyar mutum biyu za su tsaya a ciki. Matattun firij a jere, ƙofofi a jingine, tukwanen gas a lungu, da wani dogon benci a waje wanda muke zama a kai mu sha shayi in rana ta yi sanyi. Abokan sana'arsa sukan ce aibinsa ɗaya, yana korar kuɗi da bakinsa. Mutum zai kawo firij yana shirin jin babban aiki, Sanyi ya canza masa filogi ya ce ya tafi. Wani kuma ya ce masa gyaran ya fi ƙarfin firijin, kar ya ɓata kuɗinsa. Na sha gaya masa da ni ne, ko maɓalli ne ya tsinke sai na ce rigar gaba ɗaya tana son taɓawa. Sai ya yi murmushi ya ce shi ya sa ni ake zuwa mini da faɗa, shi ake zuwa masa da gaisuwa.

Matarsa ce ta buɗe masa shafin bidiyo a intanet. Koyarwa take yi a firamare, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ta gaji da jin yana maimaita wa mutane magana ɗaya a waya, kar a kankare ƙanƙara da wuƙa, kar a jona firij da zarar an sauke shi daga mota, kar a manna shi da bango. Ta ce ya faɗa sau ɗaya duniya ta ji. Ranar farko ita ta riƙe masa wayar, ya tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton katin shaida, har sai da ta ce masa ya manta da ita ya yi magana da firijin. Daga baya ya cire kan wata tsohuwar fanka ya ɗaure wayar a jikin sandar da roba, yana ɗaukar kansa.

Ba ya wasa a bidiyonsa, ba ya sa kiɗa, kuma rubutunsa cike yake da kuskure saboda babban yatsansa yana danna harafi biyu lokaci guda. Amma mutane suka so shi. Cikin shekara biyu masu bibiyarsa suka kai yawan da shi kansa yake jin tsoron dubawa. Mata daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba sukan kira shi daga cikin kasuwa, su karanta masa abin da ke rubuce a bayan firiza, ya ce a saya ko a bari.

Ni da na ɗauka duk wanda aka sani a waya ya gama da talauci. Shi ya fahimtar da ni ba haka ba ne. Akwai tallan da masu manhajar suke cusawa a tsakiyar bidiyo, wanda ba shi da ta cewa a kai, kuma abin da yake samu daga nan wani wata ya taɓa wani wata ko kuɗin data bai rufe ba. Wata rana ya ga tallan caca ya fito kafin bayaninsa na gas, ya wuni ransa a ɓace. Akwai kuma shagunan da suke ba shi ɗan kaso idan wani ya saya ta hanyarsa. Amma romon yana wurin kamfanonin da suke biyan mutum ya yabi kayansu da bakinsa, kuma su ne suka fara yi masa sintiri.

Ya ɗora musu sharaɗi. Ba ya tallan abin da bai kwance da hannunsa ya ga cikinsa ba, kuma a saman kowane bidiyo irin wannan sai ya rubuta cewa talla ne, an biya shi. Da yawa suka ja da baya. Kaɗan suka yarda, su ma suna gunaguni. Bai damu ba, tunda shago yana ci da gida, da shi da Malama da yara uku.

Sai tsautsayi ya zo. An kira shi ya ɗauko wani firij mai ƙofa biyu daga hawa na uku a wani gida. Yana ƙasa, mai gidan yana sama, a kan matakala ƙafar mai gidan ta zame, nauyin duka ya dawo kan Sanyi, ya faɗi bayansa ya bugu. Wata uku ya yi a kwance. Da ya tashi likita ya ce ba shi ba ɗaukar nauyi, ba shi ba dogon durƙuso, mai gyaran firij kuwa rabin aikinsa a durƙushe yake yin sa. Ya ci gaba da buɗe shago, yana karɓar ƙananan ayyuka a kan tebur, manyan yana tura wa wasu. Albashin Malama ba ya kai ƙarshen wata. Shafin da ya fara don wasa shi ya zama abin dogaro.

A wannan halin wakilin wani kamfanin firiza mai aiki da sola ya same shi. Matashi ne mai tsafta da ladabi, kafin ya fito daga mota ƙamshinsa ya riga shi isowa, shi ya sa muke kiran sa Mai Turare. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya yi wa Sanyi jaje, ya ce mahaifiyarsa ma ba ta sayen ko fanka sai ta ji ta bakin Sanyi. Ya sa aka sauke firiza sabuwa fil a shagon, ya ce a kwance ta yadda ake so.

Sanyi ya yi mako biyu da ita. Ya buɗe bayanta, ya auna wutar da take ja, ya kashe ta ya ga awa nawa take riƙe sanyi. Ya ce mini ya daɗe bai ga kaya mai kyau irin wannan a wannan farashi ba. Matsalar a takarda take. Malama ta karanta ta nuna masa wurare. Wata shida ba zai yabi wata firiza ba, ba zai kushe tasu a ko'ina ba, ma'aikatansu za su taya shi amsa tambayoyin mutane a ƙarƙashin bidiyon, kuma kalmar talla ba za ta fito ba. Mai Turare ya ce mutane da sun ga kalmar nan suke wucewa, kuma ba ƙarya ake so ya yi ba, ai firizar an bar masa, ya kai ta gida ya faɗi yadda ya same ta. Sanyi ya nemi a kai shi rumbunsu ya zaɓi wata da kansa ya kwance. Aka ce sauran kayan suna hanya, amma duk uwa ɗaya uba ɗaya suke da wannan.

A kan bencinmu ya tambaye ni shawara, yana zaune a karkace saboda bayansa. Ni na ce masa ya sa hannu. Na ce kaya mai kyau ne, da idonsa ya gani, kalma ɗaya ce kawai zai cire, kuma yara ba za su ci gaskiya su ƙoshi ba. Na faɗi haka da zuciya ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji allura ta tsaya mini a hannu.

A gida ya ɗauki bidiyon, ƙaramar 'yarsa tana ciro ruwan sanyi daga ciki. Ya ce wannan ita ce a gidansa, wata guda ke nan bai ji ta yi ko tari ba, duk mai ƙaramar sana'a da wuta take ba shi wahala ya duba ta. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Bidiyon ya yi tafiyar da babu wani nasa da ya taɓa yi. Watannin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da na gani a gidan tun faɗuwarsa. Ya fara zuwa gashin baya a asibiti, fuskarsa ta ciko, har ya dawo yana tsokanata.

Bai lura da wuri ba cewa ana goge maganganun mutane a ƙarƙashin bidiyon. Zai ga wani ya rubuta tasa ta daina sanyi, kafin ya gama aikin da ke hannunsa ya dawo ya amsa, babu rubutun. Da ya yi tambaya aka ce 'yan hassada ne daga wasu kamfanoni. Ya so ya yarda, ya kuma yarda na ɗan lokaci.

Wata safiya ina yanka yadi na ji wari ya cika layin. Na leƙo na ga amalanke a ƙofar Sanyi, da firiza a kai, da wata dattijuwa a tsaye tana riƙe da bakin mayafinta. Kifi take sayarwa a bakin kasuwa. Ta sayar da tsofaffin firij ɗinta biyu da 'yan kunnenta ta sayi wannan, ta cika ta da kaya, ta tafi jinyar ƙanwarta kwana biyu. Da ta dawo ta tarar da komai ya narke ya ruɓe. Ta wanke ta sau uku, warin bai fita ba. Ta je inda ta saya aka ce laifinta ne, ba ta iya amfani da ita ba.

Ni da mai amalanken muka sauke firizar. Sanyi ya jawo kujera ya kwance murfin baya. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya sa farce ya kankare baƙin fentin da ke jikin kwamfaresa, tsatsa ta fito. Tsohuwar kwamfaresa ce aka wanke aka fesa, aka manna mata sabuwar takarda a kan tsohuwar. Ya huda bangon firizar ta ciki, maimakon soso mai kauri da ke riƙe sanyi sai ga wani siriri da kwali a bayansa. Daga waje kuwa ba za ka bambanta ta da ta gidansa ba.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san kamfani ba, takardarsu ma ban iya karantawa ba. Fuskarka na gani. Kai ma da kuɗinka ka sayi taka?"

Ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Sannan ya ce, "A'a, Inna. Ba ni suka yi. Kuma sun biya ni."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Da ka faɗa, da na ƙara tambaya."

Ta zauna a bencinmu, na kawo mata ruwa ba ta sha ba.

Da yamma Mai Turare ya zo, suka yi magana a cikin mota da gilashi a rufe. Sanyi ya ba ni labari daga baya. Wakilin ya ce a rukuni ɗaya na kayan ne aka samu kuskure daga masana'anta, ana kan gyarawa, matar nan ma za a duba lamarinta a hankali. Ya ce kamfani yana son sabunta yarjejeniya da ƙari mai kyau. Da Sanyi ya ce a dawo wa duk wanda ya saya da kuɗinsa ko a canza masa, sai Mai Turare ya ciro takardar ya nuna masa inda ya sa hannu cewa ba zai kushe su ba, cikin ladabin nan nasa, har yana ce masa Babana.

Kwana huɗu bai buɗe shago ba. A kwanakin ya bi lambobin mutanen da ya iya tunawa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da ruwan sanyi, mai kantin magani da allurai suka lalace masa, wata amarya, wani mai kiwon kaji. Cikin goma da ƙyar biyu suka ce tasu tana aiki. Malama ta ce masa ba za ta zaɓa masa ba tsakanin yin shiru da fitowa ya faɗi gaskiya, duk wanda ya ɗauka tana tare da shi, amma ta yi da-na-sanin ranar da ta riƙe masa wayar nan.

Rana ta biyar ya ɗaure wayar a sandar fanka, ya ajiye firizar mai kifi a gaba, ya nuna tsatsar da kwalin. Ya ce an biya shi, ya ɓoye, wadda aka ba shi daban take da wadda aka sayar wa mutane, kuma laifinsa ne da bai nace ya gani ba. Ya roƙi gafara. Ya ce duk wanda ya saya saboda shi ya kawo, zai yi iya abin da zai iya ba tare da kuɗin aiki ba.

Ni na zaci za a yaba masa. Wasu kaɗan sun yaba. Amma yawancin abin da ya biyo baya zagi ne. Aka ce ashe duk shekarun nan sayar da mu kake yi. Aka tono tsofaffin bidiyonsa, har waɗanda ya yi tun kafin kowa ya san shi, ana tambayar nawa aka ba shi a kan kowanne. Wasu masu shafuka da suke cin abinci wurin kamfanin suka fito a mako guda da labari iri ɗaya, wai ƙarin kuɗi ya nema aka hana shi. Aka yi ta kai ƙarar shafin har aka rufe shi. Takardar lauya ta zo, Malama ta karanta ta a tsaye a ƙofar shagona saboda ba ta so yara su gani. Ba a kai shi kotu ba a ƙarshe, an dai sa ya sauke bidiyon ya kuma mayar da firizar gidansa, wadda ita kaɗai ce mai kyau. Sauran masu ba shi talla, har waɗanda ba su da abin ɓoyewa, suka daina ɗaukar wayarsa. Ɗaya daga cikinsu ya gaya masa gaskiya, ya ce babu kamfanin da zai so mutumin da zai iya juyowa a kansa.

Mutane kuwa suka kawo firizojin. Layinmu ya cika da su har masu shaguna suka fara ƙorafi. Yana zaune a ƙasa a kan kwali, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana aikin da likita ya hana shi. Aiki kyauta ne amma kwamfaresa ba kyauta ba ce, kuma ko an canza ta bangon ba ya riƙe sanyi. Ya sayar da injin waldarsa da babbar tukunyar gas ya gyara wa mai kifi tata da wasu 'yan kaɗan. Tata ta yi wata biyu ta sake tsayawa. Ba ta dawo ba. Na ji ta bar bakin kasuwa ta koma wurin ɗanta.

Bayan wata biyar aka buɗe masa shafin. Ya sa bayani a kan yadda ake gane tsohuwar kwamfaresa da aka yi wa fenti, mutanen da suka kalla ba su kai cikin aji ɗaya na Malama ba. Kamfanin kuwa ya canza suna da launin kwali, wani matashi mai barkwanci yana rawa a gaban firizar, ana ta saya. Na taɓa hango Mai Turare a wata sabuwar mota, ya ɗaga mini hannu.

Ciwon bayan Sanyi ya ƙara tsanani, ya kai ba ya iya zama a benci. Ya saki shagon. Mai sayar da rigunan waya ne a ciki yanzu, da kiɗa tun safe.

Watan jiya Malama ta aiko in je in karɓi wandunansa a rage musu ƙugu. Na same shi a ɗaki, rabi a kwance, da filo biyu a baya da waya a hannu. Ya ce ya samu aiki. Wani ofishin talla ne yake turo masa hotunan kaya, fanka da injin wanki da batir, shi kuma ya rubuta abin da masu shafuka za su faɗa a kansu, da irin kalmomin da za su sa a ji kamar masani ne yake magana. Ba a sa sunansa. Ana biyan sa a kan kowane rubutu, kuma ba sa jinkiri.

Na tambaye shi ko kayan suna da kyau.

Ya ce, "Ban sani ba. Hoto kawai nake gani."

Na so in ce masa wani abu a kan shawarar da na ba shi a benci, na fara, ya ɗaga hannu ya ce in bar maganar, shi ya riƙe biron. Na taimaka masa ya miƙe yana dafa bango, na zagaya tef a ƙugunsa. Inci huɗu ya ragu. Na rubuta a bayan hannuna, na ɗaure wandunan a leda. Malama ta rako ni har ƙofa, ta ce in ba zai zama wahala ba in fara da baƙin, shi yake sawa in za shi asibiti.